Martani: Hauya Ma Da Mai Ita Ake Ƙera Ta

Makalar da wani marubuci ya fitar kwanakin baya a kan kayan aikin gona a yammacin Zamfara ta cancanci amsa, domin ta taɓo abincin gidaje masu yawa daga Anka har Gummi. Malamin ya soma ne da 'yan wasan golf. Ya ce ya ji labarin yadda masu hali kan biya kuɗi a auna tsayinsu da tsawon hannunsu da ƙarfin bugunsu kafin a haɗa musu sandunan wasa, ya kira wannan almubazzaranci da yaudarar 'yan kasuwa, ya ce gwani ba ya zaɓen abin aiki. Daga nan ya gangaro kan manomanmu. A ganinsa, al'adar zuwa maƙera ana cewa a rage nan a ƙara can ɓata lokaci ce irin waccan, kuma abin da ya dace shi ne gwamnati da ƙungiyoyin agaji su sayo fartanya iri ɗaya daga masana'anta, mai awo ɗaya da nauyi ɗaya, a raba wa kowa a garuruwa irin su Nasarawar Burkullu da ƙauyukan Bukkuyum. Hujjojinsa uku ne: ta fi araha, ta fi ƙarko, kuma zamanin maƙera ya wuce tunda tarakta da maganin feshi sun shigo. Ban yi shakkar kyakkyawar niyyarsa ba, amma shawarar tasa za ta cutar da mutanen da yake son taimaka wa. Daidaita abin aiki da jikin mai aiki ilimi ne tabbatacce, kuma manomi ya fi ɗan golf bukatarsa nesa ba kusa ba.

Tunda da golf ya buɗe, bari mu duba abin da ake aunawa a can, don a ga ko yaudara ce. Dokar wasan ta yarda ɗan wasa ya riƙe sanduna har 14 a jakarsa, kowace da aikinta. Mai daidaita su yana duba tsawon sandar, da nauyinta, da yadda take lanƙwasa idan an kaɗa ta, da kaurin mariƙinta, sannan da kusurwar da ke tsakanin kan ƙarfen da jikin sandar. Wannan kusurwa ta ƙarshe ita ce ta fi koyar da darasi. Idan ta miƙe fiye da yadda tsayuwar ɗan wasa ke bukata, dugadugin ƙarfen ne zai fara taɓa ƙasa, ƙwallon na mai bugu da dama ta karkata hagu. Idan ta kwanta da yawa, bakin ƙarfen ne zai fara nutsewa, ƙwallon ta tafi dama. Mutum zai iya yin bugu mai kyau ƙwallonsa ta ɓace, ba da laifinsa ba. Injiniyan nan Karsten Solheim, haifaffen Norwe wanda ya kafa kamfanin Ping a Amurka a 1959, ya fito a 1972 da wani jadawali mai launuka, inda ake haɗa tsayin mutum da tazarar da ke tsakanin wuyan hannunsa da ƙasa a fitar masa da kusurwar da ta dace da shi. A yau ana amfani da na'urori irin su TrackMan na ƙasar Denmak, masu auna gudun sanda da tashin ƙwallo da juyawarta. Abin da na'ura ke iya aunawa a maimaita a sami sakamako ɗaya, ba a kiran sa yaudara.

Akwai kuma wani tarihi da Malam bai ambata ba. Kafin masana'antu su karɓe sana'ar, maƙera ne ke ƙera kawunan ƙarfe na sandunan golf a ƙasar Sikotilan, a garuruwa irin su St Andrews, masassaƙa kuma su sa musu itace. Ɗan wasa yakan je wurin mai sana'ar ya ɗaga, ya kaɗa, ya ce wannan ta yi masa nauyi, waccan ta yi masa tauri, har a dace. Sai da aka halatta sandar ƙarfe, a Amurka a 1924, a Birtaniya a 1929, sannan aka shiga fitar da su dubu-dubu masu kama ɗaya. Aka yi shekaru ana haka, daga baya kamfanonin da kansu suka gane cewa sun yi asarar wani abu, suka koma neman hanyar mayar da shi da ma'auni da kwamfuta. Wato abin da ɗan wasa a filin Rayfield na Jos ko na IBB a Abuja zai biya kuɗi mai yawa ya samu, shi ne abin da manomin Nasarawar Burkullu ke samu a rumfar maƙeri ba tare da an ƙara masa ko sisi a kan kuɗin hauyarsa ba. Malam yana so mu jefar da abin da waɗansu suka jefar suka dawo suna nema da tsada.

Mu shiga maƙerar mu ga abin da ke faruwa. Manomi ba ya ɗaukar hauya ya biya ya wuce. Yakan jinjina ta, ya duƙa da ita, ya sari ƙasa a gefen rumfa, ya duba yadda ruwanta ke shiga. Idan bakin ya buɗe da yawa daga ƙota, zai nutse ya riƙe, mai noma ya riƙa fizga da ƙarfin kafaɗa. Idan ya rufe da yawa, zai riƙa zamewa a kan ƙasa yana aske ciyawa ba ya tuge saiwarta, ruwa na sauka ta sake tsirowa. Maƙeri zai mayar da ƙarfen wuta, yaro ya ja zuga-zugi, a ɗora a uwar maƙera a ba shi 'yan masaba kaɗan, kusurwar ta gyaru. Ƙota ma haka: ana zaɓen reshe mai gwiwa daga itace mai ƙwari irin marke ko aduwa, a sassaƙe shi da gizago daidai tafin hannun mai ita, a rage tsawonsa ko a bar shi gwargwadon tsayinsa. Tsawo, nauyi, kaurin mariƙi, kusurwar kai: abubuwan nan huɗu suna cikin waɗanda mai daidaita sandar golf ke dubawa. Bambancin kawai, ɗaya da allon kwamfuta yake karantawa, ɗaya da ido da hannu da sanin da ya gada. Kuma maƙerin gari yana da abin da na'ura ba ta da shi, ya san gonar. Ya san wane ne ke noma jigawa, wane ne ke da fadama a bakin gulbin Zamfara, wane ne gonarsa ke da tsakuwa mai cin baki.

Wannan ya kawo mu kan maganar cewa gwani ba ya zaɓen abin aiki. Zance ne mai daɗin faɗa, amma duk inda aka je gwanaye ne suka fi kowa zaɓe. Bryson DeChambeau, wanda ya ci babbar gasar US Open a 2020 da 2024, ya sa an yi masa sandunansa na ƙarfe duka tsawo ɗaya, saɓanin yadda kowa ya saba, don ya riƙa tsayuwa iri ɗaya a kowane bugu. A wajenmu ma, duk wanda ya taɓa ganin gayya ya san cewa ƙwararren manomi ba ya yarda a musanya masa galma, kuma idan ta karye ya ari ta wani, kunyarsa ba ta fita kamar yadda ta saba. Gaskiya ne gwani zai iya yin aiki da abin da bai dace da shi ba, amma da jikinsa yake biyan bambancin: ya ƙara duƙawa, ya karkace wuyan hannu, ya ƙara ƙarfin sara. Wanda ba gwani ba kuwa, kamar yaron da ke koyon noma, hauyar da ba tasa ba za ta koya masa mugun riƙo da zai daɗe bai rabu da shi ba. Ƙwarewa da dacewar abin aiki ba kishiyoyi ba ne da za a ce a ɗauki ɗaya a bar ɗaya.

Sannan a yi lissafi, domin a nan ne bukatar manomi ta zarce ta ɗan wasa. Ƙwararren ɗan golf yana gama ramuka 18 da bugu 72 ko kusa da haka, yana tafiya yana hutawa tsakanin bugu da bugu. Mai noman firi ko maimai, in muka ƙaddara yana sara sau ɗaya a kowace daƙiƙa 3, ya yi sara 1,200 a awa guda, ya yi 6,000 a awa 5. In hauyar da aka ba shi ta fi wadda ta dace da shi nauyi da giram 200 kacal, ya ɗaga ƙarin kilo 1,200 a yinin nan ba tare da ya ƙara ko taki ɗaya na aiki ba. A ninka wannan da kwanakin damina, daga huɗa zuwa shuka zuwa noman farko da na biyu, a lokacin da rumbu ya yi ƙasa, abinci ya yi tsada, zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa. Kuma noma yana da wa'adi. Ciyawar da ba a cire a makonnin farko ba ta riga ta cinye takin gero da dawa, ko an cire ta daga baya ba za a maido da abin da ta ci ba. Duk abin da zai rage wa manomi sauri a waɗannan makonni, daga damin da zai ɗaure a kaka yake ragewa. Ɗan golf da sandarsa ba ta dace ba kofi zai rasa. Manomi kuwa abincin iyalinsa ne da lafiyar bayansa.

Tushen shawarar Malam shi ne awo ɗaya ya isa, a yi fartanyar daidai matsakaicin mutum kowa ya yi maneji. An taɓa gwada wannan tunani a wurin da kuskure ke jawo mutuwa nan take. A 1950 rundunar sojan saman Amurka ta auna jikin matuƙa jirginta 4,063, saboda wuraren zaman matuƙi an yi su ne bisa awon matsakaicin mutum. Wani matashin jami'i, Gilbert Daniels, ya ɗauki awo 10, kamar tsayi da faɗin ƙirji da tsawon hannu, ya nemi sanin mutum nawa ne suka faɗo a tsakiya a duka goman. Ko mutum ɗaya bai samu ba. Mai matsakaicin tsayi sai a tarar da dogon hannu gare shi, mai matsakaicin hannu sai a tarar da gajeriyar ƙafa. Ya wallafa sakamakon a 1952, kuma irin wannan bincike ne ya sa aka koma yin kujera da abin takawa masu matsawa gaba da baya, irin kujerar da kowace mota ke da ita a yau. A lura cewa waɗannan sojoji ne, maza, matasa, waɗanda aka riga aka tace kafin a ɗauke su. In a cikinsu ba a sami matsakaicin mutum ba, ina za a same shi a layin rabon kayan gona, inda akwai dattijo mai shekara 70, da saurayi majiyi ƙarfi, da matar da mijinta ya rasu, da yaro ɗan shekara 13, da bahago? Tela ma ba ya ɗinka wa gida ɗaya riga da awon mutum ɗaya, alhali riga sawa kawai ake yi, ba a sara da ita.

Ko mutumin da ake ɗauka uban tsarin masana'anta bai tsaya inda Malam ya tsaya ba. Frederick Taylor, wanda littafinsa kan tsarin gudanar da aiki ya fito a 1911, ya yi nazarin masu kwasa da shebur a kamfanin ƙarfe na Bethlehem a Amurka. Ya gano cewa ma'aikaci ya fi kwasa da yawa a yini idan kowace ɗiba ta tsaya a wajen fam 21, wato kilo 9 da rabi. Da yake tama ta fi garin gawayi nauyi ƙwarai, sai kamfanin ya tanadi shebur iri 8 zuwa 10, ƙarami don abu mai nauyi, babba don mara nauyi. Mutumin da burinsa shi ne ya daidaita komai, da ya auna sai ya ƙare da shebur iri-iri. Manomanmu sun riga shi gane wannan. Shi ya sa akwai sungumi na shuka, da galma ta huɗa, da ƙaramar hauya ta cira tsakanin shuka, da magirbi na kayar da kara, da lauje na shinkafa da ciyawa, da masassabi na share gona. Kuma kowanne yana sauya kama daga ƙasa zuwa ƙasa. A yankin Maraɗi, inda yashi ya yi yawa, akwai masu noma a tsaye da hauya mai doguwar ƙota da ake turawa a ƙarƙashin ƙasa. A kai ta fadamun Gummi masu laka ba za ta shiga ba, kamar yadda babbar galmar huɗa za ta zama wahalar banza a tudun yashi. Fartanya ɗaya daga masana'anta ba ta san da wannan bambanci ba.

Akwai wata suka da ta fi duk waɗanda Malam ya kawo ƙarfi, kuma wajibi ne a fuskance ta: gajeriyar hauyarmu ta gado tana sa mutum ya yini a duƙe, kuma ciwon baya da ƙugu sun zama ruwan dare ga tsofaffin manoma. Wannan gaskiya ne. A jihar Kalifoniya ta Amurka, ma'aikatan gona sun kai ƙara a kan gajeriyar fartanya da masu gonaki ke tilasta musu, kotun ƙolin jihar ta goyi bayansu a 1975, kuma a shekarar aka haramta ta. Amma a duba abin da aka hukunta a can. Mai gona ne ya zaɓi abin aiki ɗaya ya ɗora wa dubban mutane, ba su da bakin cewa ya yi musu ko bai yi ba, har ana cewa masu sa ido sun fi son ta ne don daga nesa suna gane wanda ya miƙe ya huta. Cutar ta zo ne daga tilasta awo ɗaya, wato ainihin abin da ake ba mu shawara yanzu. In ana so a rage wa manomin Bukkuyum duƙawa, hanyar ita ce a kawo samfurin doguwar ƙota a ba maƙera, manoma su gwada a gonakinsu, wanda ta yi wa ya ɗauka, a gyara ta daidai ƙasarsa. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma maƙera ce wurin da gwaji ke da araha.

Batun mata ya ƙara fito da wannan fili. Hare-haren 'yan bindiga, irin wanda ya auka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum a watan Janairun 2022, sun raba dubban mutane da gidajensu, sun bar mata da yawa da riƙon gida, wasu suna noma 'yan filaye a gefen gari, wasu suna ƙwadago a gonakin mutane. Su ne na gaba a duk jerin waɗanda za a raba wa kayan agaji. Wani nazari da asusun IFAD da hukumar abinci ta FAO suka fitar a 1998, a ƙasashen Burkina Faso da Senegal da Yuganda da Zambiya da Zimbabuwe, ya nuna cewa mata manoma suna kuka da nauyin kayan aiki, kuma masu ƙerawa da masu shigo da su ba kasafai suke tambayar matan abin da suke so ba. Wannan zargi bai bar maƙeran gargajiya ba, domin sau da yawa namiji ne ke zuwa kasuwa ya sayo, matar ta karɓi abin da aka kawo mata. To amma wa ya fi sauƙin gyarawa? Maƙerin da ke bayan gida, wanda za a aika masa yaro da hauya a ce ta yi nauyi ya rage ta kafin la'asar, ko masana'antar da ke wata ƙasa, wadda ba ta san an yi garin ba? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma kukansa ba ya amfani sai a kunnen wanda zai iya jin sa.

A kan ƙarko, Malam yana da rabin gaskiya. Tun da aka daina fidda ƙarfe daga tama, maƙeranmu sun dogara ne da tsofaffin ƙarafa, na mota da na gini da duk abin da hannu ya kai, kuma ba duka ne masu kyau ba. Hauyar da aka yi da sifirin mota tana riƙe kaifi, wadda aka yi da falle mai laushi tana naɗewa. Masana'anta mai kyau ta fi su iya tace ƙarfe da ba shi tauri iri ɗaya, ba musu. Sai dai wannan matsalar ƙarfe ce, kuma maganinta a kawo ƙarfe mai kyau. Ko a golf ɗin ma haka ake yi: masana'anta ce ke fitar da kawunan da sandunan, amma mai daidaitawa ne ke yanke tsawo, ya lanƙwasa wuyan ƙarfen, ya sa mariƙin da ya dace. Ba abin da zai hana a yi haka a nan, a kawo faranti na ƙarfe mai inganci ko ruwan hauya da ba a gama ba, maƙeri ya ƙarasa. Game da araha kuwa, kuɗin saye ba shi ne dukan kuɗi ba. Hauyar maƙeri in ta dakushe a koɗa ta, in ta tsage a yi mata ƙari, in ta cinye a mayar da ita ta yaro ko a sake ƙera ta wani abu, wani lokaci ma bashi ne sai kaka. Wadda aka raba kuwa, in ba ta yi wa mai ita ba, ƙarshenta ko dai ya sayar da ita da asara, ko ya kai wa maƙerin nan ya biya a gyara. An biya sau biyu ke nan.

Saura maganar cewa zamani ya wuce hauya. Babu mai ƙin tarakta, kuma duk wanda ya san wahalar noma yana fatan ta yawaita. Amma garmar shanu ta shigo Arewa tun zamanin Turawa, kusan shekara ɗari ke nan, ba ta kori hauya ba, sai ma ta ƙara wa maƙera aikin gyaran baki da ƙafa. Dalilin a fili yake. Gonakin yawancin mutane ƙanana ne, a warwatse, kuma ana haɗa gero da dawa da wake ko gyaɗa a kunya ɗaya, inda inji ba ya iya ratsawa kuma maganin da zai kashe ciyawa zai iya ƙona wata shukar. Ga tsadar man dizal, ga kuma halin tsaro da ya sa mai tarakta ba ya son nisa da gari, shanun huɗa kuma sun zama abin da ɓarayi ke nema. A irin wannan hali hannu ne ya rage wa talaka. Ko da injinan sun zo, darasin bai sauya ba. Kujerar tarakta tana matsawa don direbobi ba tsayinsu ɗaya ba. Famfon feshi mai cin lita 16 yana ɗora wa mutum kilo 16 na ruwa ban da nauyin kansa, kuma in maɗauransa ba su zauna daidai ba, kafaɗa ce ke shan wuya. Wanda bai koyi mutunta jikin ma'aikaci a kan hauya ba, ba zai koya a kan inji ba.

Don haka ga abin da nake ganin ya fi shawarar Malam. Duk hukuma ko ƙungiyar da ta ware kuɗin kayan gona don Anka da Bukkuyum da Gummi, ta ba manomi takardar shaida mai darajar kuɗin, ya je wurin maƙerin da ya yarda da shi ya zaɓi abin da gonarsa da jikinsa ke bukata, maƙeri ya karɓi kuɗinsa daga baya. Ƙungiyoyin agaji sun daɗe suna raba iri ta wannan hanya a ƙasashen Afirka, ba sabon abu ba ne. A yi yarjejeniya da sarakunan maƙera tun rani, domin ba a fafe gora ranar tafiya, a sayo musu ƙarfe mai kyau a dunƙule, a sa sharaɗin cewa mace za ta gwada tata da hannunta ko a kai mata gida ta zaɓa. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru a Zariya da cibiyar injinan noma ta NCAM da ke Ilori suna da injiniyoyin da za su iya auna manomanmu maza da mata, su fitar da jadawali mai sauƙi na tsawon ƙota da nauyi da kusurwa, su zauna da maƙera a gwada shi a jigawa da fadama. Ta haka kuɗin zai tsaya a kasuwar Nasarawar Burkullu da makwabtanta, ya ratsa hannun maƙeri da masassaƙi da mai gawayi, yaran da ke jan zuga-zugi su ga sana'ar ubanninsu tana ci, a yankin da rashin aikin yi ke tura matasa ramukan zinariya da daji. Ina roƙon Malam, kafin ya sake rubutu a kan wannan batu, ya nemi ra'ayin manoman da za su riƙe fartanyar da maƙeran da za a bari ba aiki, ya kuma kawo mana hujjar wuri ɗaya da awo ɗaya ya wadatar da kowa. In ya kawo, mu tattauna a kanta. In babu, ya dace ya janye shawarar tun kafin wani mai riƙe da kasafi ya ɗauke ta ya yi aiki da ita.